Hannun Hagun Baba Idi

Tun da na dawo daga Umra nake fama da tambaya ɗaya a ɗakin shan shayin malamai: "Malam Sagir, ka ga Rumawan kuwa?" Wanda ya fara ta don ya ja ni ya yi, sauran suka ɗauka. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa yana kai wa na gaba da nasa ƙarin, har na ji an ce wai kabarin wani Barume na tono a bayan Makka. To ga yadda aka yi a rubuce, in huta.

Ga wanda bai san ni ba, tarihi nake koyarwa a jami'a, kuma abin da na sa a gaba shi ne lissafin Rumawan dā. Mu masu wannan sana'a ba mu da yawa. A ƙasar nan mu biyu na sani, ni da Farfesan da ya koya mini Latin, wani dattijo ɗan kudu wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan yadda Rumawa ke awon gona. A Turai akwai masu nazarin allon da suke jera tsakuwa a kai, akwai masu nazarin yadda suke raba abu kashi goma sha biyu. Ni yatsu na zaɓa. Lambobinsu na rubutu, waɗanda kuke gani a fuskar agogo, ba su da daɗin lissafi, shi ya sa suke riƙe adadi a hannu. Yatsu uku na ƙarshe su ne ɗaya zuwa tara, babban yatsa da manuniya su ne goma zuwa casa'in. Idan an kai ɗari sai a haura ɗaya hannun, a tafi har dubu tara da ɗoriya. Larabawan dā ma sun yi irin wannan ƙirga, da bambanci ɗaya: Barume yana farawa da hagu ya ajiye ɗaruruwa a dama, Balarabe yana farawa da dama.

Shekara bakwai ina mataki ɗaya a wurin aiki. Kwamitin ƙarin girma ya ce saura mini muƙala ɗaya a mujallar waje kafin ƙarshen Maris, in ba haka ba in jira wani zagayen. Ni kuwa duk abin da zan faɗa a kan yatsu an riga an faɗa. Farfesa ya ce mini, "Kowa daga littafi yake kwafa. Ka nemo mini mai rai da yake yi." Ana cikin haka wani maƙwabcina da ya taɓa zama a Makka ya gan ni ina murɗa yatsu a ƙofar gida, ya ce ai ya san wani tsohon Bahaushe da yake irin wannan a bakin motocin alhazai a Muzdalifa. Ya ba ni lambar wani direba, Habu. Daga nan na ƙulla niyya biyu, ta ibada da ta yatsu, kuma na roƙi Allah kada ta biyun ta cinye ta farkon.

Mun tashi daga Kano a watan Janairun 2015. Jirgin da aka ce ƙarfe goma na safe bai ɗaga ba sai bayan la'asar, kuma babu wanda ya ce mana ci kanku. A cikin jirgi aka sanar an kusa miƙati, nan fa maza suka yi layin banɗaki da harami a hannu. Ni na ɗaura nawa tun daga gida, ina ta alfahari, sai da muka sauka na gane na ɗaure shi kamar zanen wanka. Wani dattijo ɗan Gumel ya ja ni gefe ya gyara mini, yana cewa, "Malamin jami'a guda, a ce zane ya gagare ka."

A Jidda aka fara yi mini karatun hannu. Jami'in da ke duba fasfo ya haɗe yatsunsa biyar wuri ɗaya, ya ɗaga su sama yana kaɗawa a hankali. Na tsaya ina duban hannun, kaina yana neman wace lamba ce wannan, don babu ita a cikin waɗanda na sani. Na matsa kusa in gani da kyau. Ya ƙara kaɗawa, ya ɗaure fuska. Wata mata a bayana ta ce, "Bawan Allah, cewa yake ka jira." Da aka zo ɗaukar hoton yatsu kuma na'urar ta ƙi karɓar manuniyata har sau huɗu, sai da ya fesa mata wani ruwa. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana nazarin yatsu, nasa ne suka kusa hana shi shiga ƙasa.

Umra dai na yi ta, kuma ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba. Na yi kuka, iyakar abin da zan ce ke nan. Masauki kuwa ɗaki ne mai gado huɗu a hawa na tara, mu huɗu, na'urar sanyi ɗaya. Biyu suna son ta ƙure, biyu muna tari. Muka yi sulhu a kan cewa duk wanda ya riga shiga ɗaki shi ke da iko, abin da ya sa wani ɗan kasuwa a cikinmu ya daina tsayawa addu'a bayan sallama. Da safe wake ake ci dakakke da man zaitun, da wata gurasa mai faɗin faifai da suke kira tamis. Ranar farko na tambayi mai gurasar yaushe za ta fito, ya watsa mini yatsu biyar a fuska. Raina ya ɓaci nan take, na ce daga zuwana ƙasa mai tsarki za a yi mini daƙuwa a kan gurasa? Har na buɗe baki, sai na ga ya yi wa wani Balarabe haka, shi kuwa ya gyaɗa kai ya samu wuri ya zauna. Ashe minti biyar yake nufi.

Kwana na uku Habu ya zo. Mutumin Maraɗi ne, dogo, shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani kamfanin gini. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Malam mai biɗar Baba Idi? To mi za ka yi da shi? Magani ne?"

Na ce ƙirga nake so ya koya mini.

"Ƙirga? Tun daga Kano? Kalkuleta ta ƙare can?" Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. "Yalla, shigo mu tahi. Amma ka sani, tsohon ga ba ya son a tausaya mai. In ka ga wani abu ka yi kamar ba ka gani ba."

Na ɗauka talauci yake nufi, ban ƙara tambaya ba.

Nakkasa, inda Baba Idi yake zaune, unguwa ce a jikin dutse, mota ba ta hawa sai ƙafa. Daga ƙasa an riga an rushe wani sashe, gidajen da ke layi na gaba an shafa musu jan fenti, alamar su ma za a rushe su. Da muka fara hawa sai na rasa a ina nake. Ga mata suna sayar da tuwo da miyar kuka, ga mai fura, ga wani yana gasa tsire wanda Habu ya ce Larabawan gari ma sun koya, suna kiransa siriya. Sai dai Hausar wurin takan yi tafiya kaɗan ta faɗa Larabci ta sake fitowa. Na ji wata tana ce wa maƙwabciyarta, "Wallahi mafi moya tun jiya, ko na alwala." Na gane ruwa ne babu, don na ga jarkoki a jere.

'Yar Baba Idi ce ta buɗe mana, Hajiya Rabi, mace mai kimanin shekara hamsin, a Makka aka haife ta. Ta ce, "Ahlan, ku shigo. Bas kada ku gajiyar da Abuya, yana azumi." Abuya take kiran mahaifin nata.

Yana zaune a kan katifa, ya jingina da bango, an lulluɓa masa mayafi daga kafaɗa zuwa cinya. Habu ya sunkuya ya sumbaci goshinsa, yadda ake gaida manya a can. Ni na yi irin ta gida, na cire takalmi na durƙusa daga nesa, ban miƙa hannu ba. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai.

"Kai, rabon da a durƙusa mini tun mutanen dā. Ɗan wane gari?"

Na gaya masa. Ya ce iyayensa mutanen ƙasar Haɗeja ne, da ƙafa suka taho, shi a hanya aka haife shi a Sudan, a wani garin auduga inda suka tsaya noma shekara shida. Yana saurayi ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda, a ƙarƙashin wani tsohon Bayamale mai ƙirga buhuna ba tare da takarda ba, a wurinsa ya koya. Daga baya ya shekara talatin yana tsayawa a ƙofar motocin alhazai lokacin aikin Hajji.

"Mutum yana shiga, yatsa yana motsi. Baki yana faɗa da direba, ido yana kan tsofaffi kada a take su, hannu yana aikinsa. Ban taɓa barin alhaji a Muzdalifa ba. Masu takarda sun bari."

Na roƙe shi ya nuna mini, na kunna kyamarar waya. Ya zaro hannu daga cikin mayafi ya lanƙwasa ƙaramin yatsa. "Wahid." Ya ƙara na kusa da shi, biyu. Ya ƙara na tsakiya, uku. Ya ɗaga ƙaramin, huɗu. Daidai da abin da na sani a littafi, ko kuskure ɗaya babu. Abin da na shekara ina gani a zane da sassaƙen dutse, ga shi yana motsi a gabana, da sauri, kamar mai tsinke zogale. Sai da ya kai talatin, babban yatsa da manuniya suka haɗa baki, sannan na lura da abin da ya sa gabana ya faɗi. Hannun hagu ne.

Bayamale ne ya koya masa, wato Balarabe, ya kamata a ce dama ce. In har akwai masu farawa da hagu a bakin Bahar Maliya, to wata hanya ce ta daban da ta taho kai tsaye daga Rumawa, wadda babu wanda ya taɓa rubutawa. Na tambaye shi ko kullum da wannan hannun yake yi. Ya ce, "Da shi nake yi." Ya kai casa'in da tara, aka kira la'asar, Hajiya Rabi ta leƙo ta ce, "Halas, ya isa yau."

Ban san yadda na sauko daga dutsen nan ba. Tun a mota na tura wa Farfesa bidiyon. Kafin magariba ya kira ni, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba yana ta ihu a waya. Ya ce zai rubuta wa editan wata mujalla a ranar, ya ce akwai taron masana a bazara, zai sa a ba ni wuri. Ya ce, "Ka koma ka ɗauko ɗaruruwa a hannun dama, shi ke nan mun gama." Na yi ɗawafi a yammacin nan ina godiya, amma gaskiya rabin zuciyata tana tsara taken muƙala.

Bayan kwana biyu muka koma da hantsi. Na tsaya na sayi lemo da tuffa. Baba Idi ba ya azumi ranar, mun tarar an ajiye masa shayi. Na durƙusa, muka gaisa, na kunna waya.

"Baba, yau ɗari nake so. Daga casa'in da tara, ina ake zuwa?"

Habu ya mai da kansa wajen taga. Hajiya Rabi da ke bakin ƙofa ta ce da sauri, "Abuya ya gaji, wani yaum, ba yau ba."

"Bar shi, Rabi," in ji tsohon. "Daga nesa ya zo."

Ya sa hannun hagu ya janye mayafin. Hannun daman yana kwance a cinyarsa, ya rame, yatsun sun dunƙule. Ya ɗaga shi da hagun ya sake shi, ya faɗi.

"Shekara shida ke nan. Jalɗa suke ce mata a nan, ɓarin jiki ya shanye. Ƙafa ta dawo, wannan ya ƙi. Da yana da rai a nan ɗaya take, a nan goma take, ɗari kuma tana hagu. Da ya mutu sai na kwaso su na mai da su hagu, wata takwas ina koya wa yatsun. Ɗari ta rasa ɗaki. Na ce ba komai, me tsoho zai ƙirga da ya wuce casa'in da tara?"

Kunya ta kama ni ta hanya biyu: na zauna awa guda a gaban mutum ina kallon hannunsa ɗaya ban tambayi ɗayan ba, kuma ko a lokacin da yake nuna mini ciwonsa, muƙalata nake tunani. Ya ga fuskata. Ya ce in gaya masa abin da ya faru, na gaya masa duka, da Rumawa, da hagu da dama, da kwamiti, da watan Maris. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"To ai da sauƙi. A hoton naka an ga wannan?" Ya nuna mataccen hannun.

Na ce a'a, mayafi ya rufe.

"To ka rubuta hagu. Ka ce haka Bayamale ya koya mini. Wa zai hau Nakkasa ya bincika? Unguwar ma ka ga jan fenti. Ni kuma kwana nawa ya rage mini? Ka samu girmanka, ɗana, kana da iyali."

"Abuya, haram!" in ji Hajiya Rabi.

"Ke yi shiru. Baƙo ya zo daga gida, in sallame shi hannu wofi?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in karɓa. Na zauna ina lissafa wanda zai iya ganewa, ban samu kowa ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Don in kauce wa idonsa sai na ce ko zai kwatanta mini da baki yadda ake yi a dama.

"Ba a faɗa da baki. Matso. Kawo hannunka."

Na matsa na zauna a gefensa na dama, kafaɗata tana taɓa tasa. Na miƙa wa Habu wayar. Tsohon ya kama hannuna na dama da hagunsa ya fara lanƙwasa mini yatsu, yana tsaki. "Kai, yatsun 'yan biro. Sake shi mana." Ya haɗa mini babban yatsa da manuniya. Ya danne na zobe shi kaɗai, sauran suna ta binsa yana mai da su. "Riƙe nan. Nawa ke nan?"

Na ce talatin da shida.

Sai ya ɗaga nasa hagun kusa da nawa. Yatsun suka yi jim, kamar suna tuna hanya, sannan suka shiga wani tsari da ban ga ya yi ba a ranar farko.

"Dubu da ɗari huɗu," ya ce. "Haɗa da naka."

Habu ne ya riga ni. "Alif da arbaminya da talatin da shida. Wallahi shekarar Hijira da muke ciki ce!"

Baba Idi yana kallon hannayen biyu, nasa da nawa, hawaye yana bin gemunsa. Can ya ce, "Tun da abin nan ya same ni ban wuce casa'in da tara ba sai yau." Hajiya Rabi ta juya ta shige ciki. Muka yi ta yi har azahar, yana kiran adadi, ina riƙe ƙanana yana riƙe manya, in na yi kuskure ya buge mini hannu. Aka kawo shinkafa da kaza a faranti ɗaya, ya ci da hagu a gabanmu, bai ɓoye ba.

A motar Habu na tura wa Farfesa bidiyo na biyu, na rubuta masa cewa na yi kuskure, ƙirgar Larabawa ce da ciwo ya mai da ita hagu. Na daɗe da yatsa a kan wayar kafin in danna. Abin da ya sa na danna shi ne, in na rubuta hagu, to wata takwas ɗin da tsohon nan ya yi yana koya wa yatsunsa sabon aiki na ba wa wani Barume da bai san an yi ba. Farfesa bai amsa ba sai bayan kwana biyu, ina filin jirgin Jidda. Layi ɗaya ne: ya janye wasiƙar da ya aika wa edita, kuma gara da ni na gano kafin wani ya gano.

Na rubuta abin da na gani yadda yake, na aika wata mujallar, har yau suna dubawa. Maris ya wuce. Da aka liƙa sunayen ƙarin girma na karanta takardar sau biyu, babu nawa. Ya yi mini ciwo sosai, kwana uku ban shiga ɗakin shayi ba.

Makon jiya Habu ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce an rushe layinsu Baba Idi, sun koma unguwar Zahir wurin wani surukinsu, lafiya lau. Ya ce tsohon ya tambaya ko an ba ni girman, ya gaya masa ba a ba ni ba.

"Ya ce in hwaɗa maka kai wawa ne, ya ba ka abu ka ƙi amsa. Ya yi ta dariya. Kuma ya ce in tambaye ka yaushe za ka maido mai hannunshi na dama, yana da lissahin da ya wuce ɗari."